Adana Leda a Gida: Kimiyyarta da Dabarun Tanadinta da Tsofaffin Kayan Gida

Gabatarwa

A yau da wuya mutum ya shiga kasuwa ya fito ba tare da leda a hannunsa ba. Mai tumatir a leda zai zuba maka, haka mai nama, haka mai magani, har ma mai goron da ba ya wuce ƙwaya biyu. Kafin zuwanta iyayenmu da ƙwarya da kwando da sanho suke cefane, ana ɗaure goro a huhun ganye, ana naɗe tsire a takarda. Waɗannan kayan idan sun tsufa ƙasa ce take cinye su. Leda kuwa tana nan inda aka yar da ita, sai dai iska ta ɗauke ta daga bola zuwa kwata, ko daga kwata zuwa gona.

A wannan darasi za mu duba abin da aka yi leda da shi, da dalilin da ya sa ba ta ruɓewa, da ɓarnar da take yi idan aka sake ta. Daga nan za mu koyi hanyoyi biyar na adana ta a gida ta amfani da kayan da aka gama da su, kamar gorar ruwa da jarka da gwangwani da tsohuwar riga. Akwai kuma gwaje-gwajen da malami zai iya gudanarwa da ɗalibansa ba tare da kayan aiki masu tsada ba.

Mece ce leda?

Sunan leda ya samo asali ne daga kalmar Turanci mai ma'anar fatar da aka jeme, ko da yake babu fata a cikinta ko kaɗan. Wasu kan kira ta nailan, amma nailan wani sinadari ne daban da ake yin zare da igiya da shi. Ainihin sinadarin leda shi ne folitin.

Ana samun folitin daga wata iska mai suna etilin, wadda ake tacewa daga ɗanyen man fetur ko iskar gas. Kowace ƙwayar etilin tana ƙunshe da zarra biyu na kabon da zarra huɗu na haidurojin, shi ya sa ake rubuta ta C2H4. A masana'anta akan sa waɗannan ƙwayoyi su kama juna, dubbai a jere, su zama doguwar sarƙa kamar 'ya'yan carbi a zare. Duk sinadarin da aka gina ta wannan hanya sunansa folima. Masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal tana cikin wuraren da ake yin folitin a Nijeriya. Yakan fito ne a siffar ƙananan ƙwayoyi kamar shinkafa, sai masu yin leda su narkar da shi, su hura masa iska ya kumbura ya zama dogon bututu mai siririn jiki, sannan su yanka su liƙe gindin da zafi.

A shekarar 1933 wasu masana biyu, Reginald Gibson da Eric Fawcett, suka ci karo da folitin ba da niyya ba, a ɗakin binciken kamfanin ICI da ke Northwich a Ingila. An fara yin sa don kasuwa a 1939. A 1953 Karl Ziegler na Jamus ya gano hanyar yin sa ba tare da matsi mai tsanani ba, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1963 tare da Giulio Natta na Italiya. Ledar cefane mai hannu biyu da muka sani kuwa, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ne ya tsara ta, kamfanin Celloplast ya yi mata rajista a 1965.

Folitin da ake yin leda da shi iri biyu ne, kuma ɗalibi zai iya bambance su da hannunsa. Na farko sarƙoƙinsa suna da rassa, ba sa kwanciya kusa da juna, saboda haka yana da taushi da santsi kuma yana miƙewa idan aka ja shi. Da shi ake yin ledar burodi da ledar fiya wata, alamarsa lamba 4 a cikin zanen kibiyoyi uku. Yana narkewa a wajen digiri 110 na ma'aunin Salshiyas. Na biyu sarƙoƙinsa a miƙe suke, suna matse juna, don haka ya fi ƙarfi kuma yana ƙarar ƙaras-ƙaras idan aka murza shi. Alamarsa lamba 2, yana narkewa a wajen digiri 130. Yawancin siraran ledojin kasuwa da shi ake yin su.

Me ya sa ba ta ruɓewa?

Ruɓewa aikin ƙananan halittu ne, wato bakteriya da fumfuna. Idan ganye ya faɗi ƙasa, waɗannan halittu sukan fitar da wasu sinadarai da ke tsinka sarƙoƙin da aka gina ganyen da su, su ci, ragowar ta zama taki. Ganye da takarda da auduga folima ce ta halitta, wadda ƙananan halittun suka saba da ita tun fil azal. Sarƙar folitin baƙuwa ce a wurinsu. Kabon ne riƙe da kabon da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, babu wata gaɓa mai rauni da za a kama, ga shi ruwa ba ya shiga jikinta. Ƙiyasin masana game da daɗewar leda a cikin ƙasa ya kama daga shekaru gommai zuwa ɗaruruwa, gwargwadon kaurinta da wurin da ta faɗa.

Abin da ya fi yi wa leda illa shi ne rana. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana kiransa ultrabayolet. Wannan haske, tare da iskar oksijin, yana tsinka sarƙoƙin folitin sannu a hankali har ledar ta koɗe, ta yi rauni, ta riƙa marmashewa. Mai kallo zai ɗauka ta ƙare, alhali ta farfashe ne kawai zuwa ƙananan ɓurɓushi. Idan ɓurɓushin bai kai milimita 5 ba, masana suna kiransa ƙurar roba, kuma an same shi a ƙasar noma da koguna da cikin kifi. Daga wannan bayani muka sami ƙa'idar farko ta adanawa: ledar da ake son sake amfani da ita a inuwa ake ajiye ta.

Ɓarnar ledar da aka sake

Na farko, toshe magudanar ruwa. Folitin ya ɗan fi ruwa rashin nauyi, saboda haka leda takan bi ruwan sama har ta maƙale a bakin kwalbati, yashi da shara su taru a bayanta. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya rasa hanya ya koma gidaje. Ƙasar Bangaladash ta haramta siraran ledoji a 2002 bayan an gano irin rawar da suka taka wajen toshe magudanai a ambaliyar 1988 da ta 1998.

Na biyu, sauro. Ruwan da ya kwanta a kwatar da ta toshe, da ɗan wanda ya taru a cikin leda ko gwangwani, ya ishi sauro yin ƙwai. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike bai fi kwana bakwai zuwa goma ba.

Na uku, dabbobi. Tumaki da awaki da shanu da ke yawo a gari sukan haɗiye leda saboda ƙanshin abinci ko gishirin da ke jikinta. Tumbin dabba mai tuƙa cike yake da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, amma ba su iya taɓa folitin. Sai ledojin su dunƙule, su cika wurin abinci, dabbar ta daina ci sosai, ta rame, wani lokaci ta mutu. Mahauta sun san wannan, domin sukan ciro dunƙulen leda daga tumbi idan sun yi fiɗa. Ragon da aka yi wata shida ana kiwonsa don layya yana iya salwanta saboda ledojin da ba su kai kuɗin ƙosai ba.

Na huɗu, hayaƙi. Wasu kan hura wutar girki da leda, wasu kan cinna wa bola wuta. Ƙonewar leda a fili ba ta kammala, don haka takan fitar da baƙin hayaƙi da iskar kabon monoksaid mai guba. Idan kuwa a cikin sharar akwai irin robar da ake yin fayif ɗin ruwa da rigar wayar lantarki da ita, wadda ke ɗauke da sinadarin kulorin, ana iya samun wata guba mai suna dayoksin.

Wani bincike da Roland Geyer da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa daga cikin dukan sharar robar da duniya ta tara har zuwa 2015, kashi 9 cikin ɗari kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a bola ko watse a doron ƙasa. Ƙasashe da dama sun ɗauki matakin doka. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kamaru ta fara aiki da dokar hana sirara a 2014, Nijar ta kafa tata dokar a shekarar 2014 ɗin, Kenya kuma ta biyo baya a 2017 da hukunci mai tsanani. Amma doka ba ta shiga ɗakin girki. Abin da ke faruwa da leda bayan an juye cefane, a hannun mutanen gida yake.

Wani zai ce mafita ita ce a koma jakar yadi kawai. Jakar yadi tana da kyau, sai dai noman auduga da saƙarta su ma suna cin makamashi. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta lissafa a 2011 cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta fi ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya sauƙin illa ga ɗumamar yanayi. Darasin a nan shi ne, ko jaka ko leda, yawan maimaita amfani da ita shi ne riba.

Lissafin iska

Dalilin da ya sa mutane suke zubar da leda mai kyau shi ne takan cika wuri. To, wurin nawa take ci a gaskiya? Mu ɗauki misalin leda mai faɗin santimita 30 da tsawon santimita 40, wadda nauyinta giram 4 ne. Tana da bango biyu, saboda haka faɗin jikinta duka shi ne 30 × 40 × 2, wato murabba'in santimita 2,400. Santimita kubik ɗaya na irin wannan folitin nauyinsa kimanin giram 0.95 ne. Idan muka raba 4 da 0.95 za mu sami santimita kubik 4.2, wanda shi ne ainihin wurin da robar ke ci. Idan muka sake raba 4.2 da 2,400 za mu sami kaurin bangon, wato santimita 0.00175, ko maikiron 17.5. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, gashin kan mutum kuwa kaurinsa kimanin maikiron 70 ne.

Abin lura shi ne, ledoji ɗari irin wannan robarsu ba ta wuce santimita kubik 420 ba, ƙasa da rabin lita. Amma idan aka dunƙule su aka watsa a kusurwar ɗaki sai su cika bokiti. Sauran wurin duk iska ce. Ashe ke nan sirrin adana leda shi ne fitar da iska, ko dai ta hanyar ninkewa ko ta hanyar matsewa a cikin mazubi.

Tantancewa kafin adanawa

Ba kowace leda ce ta cancanci ajiya ba. A kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne masu tsabta da suka ɗauko busassun kaya, kamar burodi da shinkafa da tufafi da littattafai. A kakkaɓe su a ajiye. Idan sun ɗan yi datti a wanke da ruwan sabulu, a juya cikinsu waje, a shanya a inuwa har su bushe sarai. Ledar da aka ninke da laima takan yi fumfuna da wari cikin 'yan kwanaki, domin ruwan ba ya da hanyar fita.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka taɓa ɗanyen nama ko kifi ko kaza. Ruwan nama yana iya ɗauke da bakteriya masu sa gudawa da amai, irin su salmonela, kuma maiƙo yana maƙalewa a jikin folitin ta yadda wanki ba ya fitar da shi duka. Kada a sake zuba abinci a cikinsu. A yi amfani da su nan take wajen ɗaure shara.

Kashi na uku su ne waɗanda suka ɗauko maganin ƙwari ko maganin ɓera ko takin zamani ko kananzir ko batir. Waɗannan ba a adana su ko kaɗan.

Haka kuma ba a so a zuba abinci mai zafi, kamar kunu ko miya ko tuwo, a leda, musamman baƙa, wadda sau da yawa da tsofaffin robobin da aka narkar ake yin ta. Zafi da maiƙo suna ƙara saurin fitowar rini da sauran sinadaran da aka gauraya a roba zuwa cikin abinci.

Hanya ta farko: gorar ruwa

A sami gorar ruwa ta roba mai cin lita ɗaya da rabi, a wanke ta bushe. A yanke gindinta da almakashi. A yanke bakin kuma daga wajen kafaɗa, ta yadda ƙofar za ta kai faɗin santimita 4 zuwa 5, domin bakin na asali ya yi ƙanƙanta. A liƙa salatif ko a naɗa tsumma a gefen da aka yanka saboda kaifi. A huda rami biyu kusa da gindin, a zura igiya, a rataye gorar a kife, bakinta yana kallon ƙasa. Ana cusa leda ta sama ɗaya bayan ɗaya, ana zaro ta ta ƙasa. Amfanin wannan tsari shi ne wadda ta fara shiga ita take fara fita, babu wadda za ta daɗe a ciki har ta lalace. Da yake gorar garai-garai take, ana ganin abin da ya rage.

Hanya ta biyu: jarka

Gidan da ke da mutane da yawa ya fi buƙatar jarkar man girki mai cin lita 4 ko 5. A wanke ta da ruwan ɗumi da omo har maiƙon ya fita, a kife ta ta bushe. A yanka ƙofa a sama mai faɗin da hannu zai shiga, a bar mariƙin yadda yake don ratayewa. A yanka wata ƙaramar ƙofa mai faɗin santimita 6 a gefe, kusa da gindi, a huda ƙananan ramuka a ƙasa don iska ta riƙa shiga. Jarka tana da tauri, saboda haka babba ne ya kamata ya yi yankan da wuƙa, yana tura kaifin nesa da jikinsa. Kada a yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba fetur ko baƙin mai ko maganin feshi, domin waɗannan sukan shige jikin robar.

Hanya ta uku: gwangwani mai murfi

Wannan dabara ita ce ta fi ban sha'awa ga ɗalibin kimiyya. A sami gwangwanin madarar gari mai murfin roba, a tsaga murfin a tsakiya da tsaga biyu masu gicciye juna, kowace santimita 3. A shimfiɗa ledoji goma zuwa goma sha biyu, a shafe kowace da tafin hannu daga gindi zuwa baki don iska ta fita, a ninke ta a tsaye har faɗinta ya gaza tsawon gwangwanin. A ɗauki ta farko, a lanƙwasa hannayenta su leƙo gefe, a fara naɗewa daga wajen hannayen. Idan saura kamar santimita 10 a kai gindinta, a ɗora hannayen ta biyu a kan wannan ragowar, a ci gaba da naɗewa. Haka za a yi har su ƙare. A tsayar da naɗin a cikin gwangwanin, a zaro hannayen ta farko ta tsagar murfin, a rufe.

Idan aka ja ta farko, gindinta zai jawo hannayen ta biyu, saboda gugar da ke tsakanin jikinsu. Da hannayen sun leƙo sai leɓɓan tsagar su riƙe su, ta farko ta zame ta fita ita kaɗai. Idan suna fitowa biyu-biyu, an ɗora su da yawa. Idan ta biyu ba ta leƙowa, ɗorin ya yi kaɗan. Wannan gwangwani ya dace da shago da mota da teburin malami.

Hanya ta huɗu: hannun riga ko ƙafar wando

A yanko hannun tsohuwar riga ko ƙafar wando mai tsawon santimita 40 zuwa 50. A kalmashe kowane baki a ɗinke, a bar hanya kamar ta zariya. A zura robar wando a bakin ƙasa a tsuke har ƙofar ta rage yatsu uku. A zura igiya a bakin sama, ita ce ta tsukewa kuma ita ce ta ratayewa. Fifikon wannan mazubi shi ne yadi yana numfashi, ko da wata leda ta shiga da ɗan danshi zai fita. Ana kuma iya wanke shi. Ɗaliban darasin tattalin gida za su iya kammala shi a zama ɗaya da allura da zare.

Hanya ta biyar: ninkin kusurwa uku

A shimfiɗa leda a fitar da iska, a ninke ta a tsaye sau biyu ta zama doguwa siririya. Daga gindi, a ɗauko kusurwa ɗaya a kai ta ɗaya gefen, siffar kusurwa uku ta fito. A ci gaba da juya wannan siffa a kan tsawon ledar har a iso hannaye, sannan a cusa hannayen a aljihun da ninkin ya bari. Za ta koma kamar samosa, ba za ta warware ba. Irin waɗannan ana jera su a tsohon kwano mai murfi ko adudu ko kwalin sukari. Idan kwali ne a ɗora shi a kan kanta saboda gara da kyankyaso. Wannan hanya ta fi sauran cin lokaci, amma ta fi su rage wuri, kuma ita ce take sa mutum ya jefa biyu a aljihu idan zai tafi kasuwa. Ledar da ta zauna a gida ba ta hana karɓo sabuwa ba.

Inda za a ajiye

A rataye mazubin a inuwa, nesa da murhu da risho da fitila, domin folitin yana kama wuta kamar kakin kyandir kuma yana ɗiga idan yana ci. A ɗaga shi sama inda ƙananan yara ba za su kai ba. Siririyar leda tana iya manne wa hanci da bakin jariri ta hana shi numfashi, don haka kada a bar ta kusa da shimfiɗarsa. A kuma nisanta shi daga turken dabbobi. Wuri mafi dacewa shi ne kusa da ƙofar fita, inda mai zuwa cefane zai gani. A ware mazubi ɗaya na manya, ɗaya na ƙanana, a zazzage su sau ɗaya a wata a duba.

Ledar da ta huje ma tana da sauran amfani. Ledar fiya wata, idan aka buɗe bakinta aka huda gindinta, takan zama mazubin renon dashen itatuwa, muddin za a cire ta a tattara ranar dasawa. Ana yanka yagaggun ledoji a tufka igiya ko a saƙa tabarma da su. Sauran a tara su wuri guda, a busar, a ba masu sayen tsofaffin robobi.

Ayyuka don aji

Aiki na ɗaya. Kowane ɗalibi ya ƙirga ledojin da suka shigo gidansu cikin mako guda. Misali, gidan da ke karɓar 5 a rana yana tara 1,825 a shekara, wato kilo 7.3 idan kowace giram 4 ce. Idan kowace ta yi aiki sau uku, abin da ake buƙata ya koma kimanin 608. A makaranta mai ɗalibai daga gidaje 600 irin wannan, an rage kimanin ledoji 730,000 a shekara, kusan tan uku. Ɗalibai su maimaita lissafin da alƙaluman da suka samo da kansu.

Aiki na biyu. A auna nauyin ledoji iri ɗaya guda ashirin a sikeli, a raba da ashirin, a bi lissafin da ya gabata a fitar da kaurin bango. Sannan a ninka leda ɗaya gida biyu har sau shida. Bangon zai zama 2 × 64, wato 128. A matse, a auna kaurin, a raba da 128, a gwama amsoshin biyu. Me ya sa amsar ta biyu takan fi ta farko girma?

Aiki na uku. A yanka ɓallaye masu girma ɗaya daga leda guda, a kasa uku. A ɗaure kashi ɗaya a rana, a sa ɗaya a akwati, a binne ɗaya a ƙasa mai laima tare da ganye da takarda. A ƙarshen zangon karatu a tono, a duba launi da kamanni, sannan a rataya wa kowane ɓalle gwangwani ana zuba yashi a hankali har ya tsinke, a auna yashin. A rubuta sakamakon a jadawali, domin gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin ruɓewa da marmashewa.
2. Me ya sa tumbin akuya yake narkar da ciyawa amma ba ya narkar da leda?
3. Wace hanya cikin biyar ɗin ta fi dacewa da damina, kuma don me?
4. Kawo dalilai biyu na hana zuba abinci a ledar da ta ɗauko ɗanyen nama.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin sarƙar folitin shi ne amfanin leda, kuma shi ne matsalarta. Abin da zai iya shekaru bai lalace ba bai kamata ya yi aikin minti goma a yar da shi ba. Adanawa ba za ta kawar da sharar roba baki ɗaya ba, wannan sai an haɗa da rage karɓa da kwashe shara da sake sarrafawa. Sai dai ita ce matakin da ba ya buƙatar kuɗi ko izinin kowa. Muna kira ga malamai da su sa kowane aji ya haɗa mazubi ɗaya a wannan zango, ɗalibai kuma su kai dabarar gida, su rubuto mana sakamakon gwajinsu. Da yayyafi kogi kan cika.